Yadda ake feɗe babbar lamba, mu gwada da 360,360

In aka miƙo maka doguwar lamba aka ce ka faɗi halinta, kar ka ruga wajen kalkuleta, ido ake fara sawa. Mu ɗauki 360,360.

Duba wutsiyarta tukuna. Sifili ne, ka ga cika ce ba mara ba, kuma 2 da 5 da 10 duk suna raba ta ba saura. Sai ka tara lambobin cikinta, 3+6+0+3+6+0 ya ba ka 18, tunda 9 na shiga 18 to 3 da 9 duk za su shiga uwar lambar. Na 8 kuwa ukun ƙarshe kawai ake kallo, 360 raba 8 ya ba da 45, an wuce wajen.

Inda yara ke jigata shi ne 7 da 11 da 13, kuma wallahi abin na damuna don dabara ɗaya ce ke gama da su ukun amma ba kasafai ake koya musu ba. Ninka 7×11×13 za ka samu 1001. Saboda haka in lambar mai gurbi shida ce, yanka ta gida biyu uku-uku ka cire ƙaramin daga babban, duk wanda ya raba abin da ya rage cikin su ukun to ya raba ta. A nan 360 cire 360 sifili ne, duk sun shiga. Gwada 245,154 ka gani: 245 cire 154 saura 91, wato 7×13, ke nan 7 da 13 sun shiga, 11 ta tsaya a waje.

Yanzu an kai ƙashi: 360,360 ita ce 2×2×2×3×3×5×7×11×13. Waɗannan su ne firam, lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu, kuma daga nan komai zai fito. Kana son sanin lambobi nawa ke raba ta? Ƙirga sau nawa kowace firam ta fito, ƙara ɗaya, ka ninka: 4×3×2×2×2×2, 192 ke nan. Ba sukwaya ba ce, wato lambar da ake samu in an ninka wata lamba da kanta, don sukwaya sai kowace firam ta fito bibbiyu.

Jimlar masu raba ta ma ba sai ka jera su 192 ba. Na 2, 1+2+4+8 ya ba ka 15, na 3, 1+3+9 ya ba ka 13, sauran 1+5, 1+7, 1+11, 1+13 su ba ka 6, 8, 12, 14, ninka su duka ka samu 1,572,480, cire ita kanta saura 1,212,120. Ya zarce ta nesa, shi ya sa take cikin masu yalwa. Da daidai ya zo da an kira ta cikakkiya, irin su 6, 28, 496 da 8128 da Girkawan zamanin da suka sani.

Kuma ita ce mafi ƙanƙantar lambar da 1 har 15 ke rabawa ba saura. 16 ce ta gagara don 2 sau uku kacal ta fito, in kana son ita ma ta shiga sai ka ninka biyu, 720,720.