Kurakuran da ke ba 'yan damfarar waya damar cinye maka kati, da yadda ake gyara su

Akwai lambobin waya da aka tsara su musamman don kiransu ya fi na yau da kullum tsada. Kamfanin sadarwa ne ke cire kuɗin daga katin wanda ya kira, ya ɗauki nasa kason, ya miƙa ragowar ga mai lambar. A Amurka irin waɗannan lambobi kan fara da 900, a Birtaniya kuma da 09, kowace ƙasa da nata tsarin. Asalinsu halal ne: da su ake kaɗa ƙuri'a a gasar talabijin, da su ake tara gudummawar jinƙai, wasu kamfanoni kuma da su suke karɓar kuɗin shawarar da suke bayarwa ta waya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk wanda ya mallaki irin wannan lamba, ribarsa tana ƙaruwa ne da yawan masu kira da kuma daɗewarsu a kan layi. Don haka ɗan damfara ba ya buƙatar sanin lambar sirrin bankinka. Abin da yake nema kawai shi ne ka kira, ko ka mayar da amsa, ko ka danna. A mafi yawan ƙasashe, shigowar kira ko saƙo ba ya cin ko sisi, in dai ba kana yawo da layinka a ƙasar waje ba ne, ko kuma an riga an yi maka rajistar wani abu. Kusan duk asarar daga hannun mai wayar take farawa.

Mayar da kiran da ya yi ƙara ɗaya ya katse

Wannan shi ne babbansu. Wayarka ta yi ƙara sau ɗaya cikin dare, kafin ka miƙa hannu ta yi shiru. Da safe ka ga lambar ƙasar waje, wataƙila har sau biyu ko uku a jere. Zuciya ta fara saƙe-saƙe: ko ɗan'uwan nan ne da ke ci-rani, ko maganar aikin da na nema ce? Sai ka danna kira.

Ba mutum ba ne ya yi maka filashin. Kwamfuta ce ke bin lambobi dubbai tana taɓa kowace tana saki, tana jiran 'yan kaɗan da za su biyo sawu. Masana harkar sadarwa suna kiran wannan dabara wangiri, sunan da ya samo asali daga Japan. Idan ka kira, abin da za ka ji an shirya shi ne don ya riƙe ka: kiɗan jira, ko murya mai cewa ka dakata za a haɗa ka, ko wani da ke ta maimaita "halo, halo" kamar layin ne ba kyau, ko albishir ɗin cewa ka ci kyauta amma sai ka saurari sharuɗɗa har ƙarshe. Akwai ma wadda ta fi waɗannan wayo, inda za ka riƙa jin ƙarar shigar kira kana zaton ba a ɗauka ba, alhali an ɗauka tuni, ƙarar ce aka naɗa ake kunna maka, kuɗi kuma na tafiya.

A watan Mayu na 2019 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta fitar da gargaɗi kan irin wannan kira da ke shigowa da dare ɗauke da lambar ƙasa 222, wato ta Muritaniya. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗora wa mutanen wata ƙasa laifi. Sau da yawa kiran ba ya ma isa ƙasar da lambarta ta bayyana. A hanya wani dillalin layi ke tare shi ya karkatar, an dai ari lambar ne saboda kiran can yana da tsada.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Mai nemanka da gaske zai sake kira, ko ya turo saƙo ya faɗi ko shi wane ne. Idan ba ka da abin yi da kiran ƙasashen waje, ka nemi kamfanin layinka ya rufe maka shi gaba ɗaya, tare da kiran lambobi masu tsada. Toshe lambar a waya yana da ɗan amfani, amma kaɗan, don gobe da wata za su dawo.

Yarda da lamba don ta yi kama da ta gida

Mutane da yawa suna ganin duk lambar da ta fara da +1 ta Amurka ce ko Kanada. Ba haka ba ne. Ƙasashen yankin Karebiyan da dama suna cikin wannan tsari: 876 ta Jamaika ce, 809 da 829 da 849 na Jamhuriyar Dominika ne, 473 ta Giranada, 242 ta Bahamas. Wanda ke zaune a Amurka zai buga su kamar kiran cikin gida, sai takardar biya ta zo ya ga an yi masa lissafin ƙasar waje. A Birtaniya an daɗe ana yaudarar mutane da lambobin 070, saboda sun yi kama da na wayar hannu da ke farawa da 07, har sai da hukumar sadarwar ƙasar, Ofcom, ta ƙayyade farashinsu a watan Oktoba na 2019. Lambobin da suka fara da +881 kuwa na wayar tauraron ɗan'adam ne, suna cikin mafi tsadar kira a duniya.

Sannan lambar da ta bayyana a fuskar wayarka ba hujja ba ce. Ana iya sauya ta, haka ma sunan da ke saman saƙon tes, har saƙon ƙarya ya faɗo cikin jerin saƙonnin gaskiya na bankinka. Kafin ka kira lambar da ba ka sani ba, duba lambobin farko ka tabbatar da ƙasar da kuma farashin minti a tsarin da kake kai. Kada ka ɗauka kyautar mintocin da ka saya ta shafi irin waɗannan lambobi. Yawanci ba ta shafe su ba.

Wani kuskure mai kama da wannan shi ne neman lambar kula da abokan ciniki a intanet a buga ta farko da ta fito. Wadda ke saman shafin sau da yawa talla ce. Akwai masu sayen wannan gurbi su saka lambarsu mai tsada, idan ka kira su haɗa ka da ainihin kamfanin da kake nema, ka yi maganarka lafiya, ba ka san cewa duk tsawon jiran da ka yi a layi su kake biya ba. Lambar gaskiya tana bayan katin bankinka, ko a kan rasit, ko a shafin kamfanin kansa.

Amsa kowane saƙo, har da rubuta STOP

Nan ne mutane suka fi rikicewa, domin shawarwari biyu ake ji masu karo da juna, kuma kowacce tana da gaskiyarta.

Ga misalin saƙon da ke yawo: "Muna taya ka murna! An zaɓi lambarka. Aika YES zuwa wannan gajeriyar lamba don karɓar kyautarka." Ko tambaya mai sauƙi wadda yaro ma zai amsa, da alkawarin waya sabuwa. Amsar da ka tura ita ce sa hannunka. Daga nan an yi maka rajista, kuma tsarin ya juye: yanzu kowane saƙo da suka turo maka kai ne ke biya, kullum ko duk mako, har sai ka fita. Sharuɗɗan suna nan a wani lungu da ƙananan haruffa, in ma an rubuta su. Wanda bai shiga gasa ba, ba ya cin gasa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To yaushe ake rubuta STOP? Idan ka ga ana cire maka kuɗi, kuma saƙonnin daga gajeriyar lamba suke zuwa wadda kamfanin layinka ya tabbatar tana da rajista, to STOP ita ce hanyar fita, kuma a ƙasashe da yawa doka ta tilasta musu su daina. Ka ajiye saƙon da ka tura da amsar da suka ba ka. Amma idan saƙon daga doguwar lamba ce da ba ka sani ba, ko yana ɗauke da adireshin intanet da ake so ka danna don "cire kanka", amsa ko wace iri ce tana gaya musu cewa layin yana aiki, akwai mai karantawa. Wannan kada ka tanka masa. A Birtaniya da Amurka ana tura irinsa kyauta zuwa 7726 don kamfanin layi ya bincika. Wasu ƙasashe suna da tasu lambar, hukumar sadarwar ƙasarka ce za ta faɗa maka.

Dannawa ba karatu, da ba manhaja izinin da ba ta buƙata

Idan kana amfani da datar layinka, kamfanin ya san lambarka ba sai ka rubuta ba. Shi ya sa a wasu shafuka danna maɓalli ɗaya ko biyu ya isa a yi maka rajista a riƙa cira daga kati. Masu wayo sukan ɓoye maɓallin amincewar a ƙarƙashin alamar kunna bidiyo ko alamar rufe talla.

Manhajoji sun fi haka ɓarna. A watan Janairu na 2020 Google ya bayyana cewa ya cire manhajoji kusan 1,700 daga Play Store masu ɗauke da wata muguwar manhaja da ake kira Joker. Suna zuwa ne da kamannin abin kirki, kamar na gyaran hoto ko na adon fuskar waya. Irin waɗannan sukan buɗe shafin rajista a ɓoye, su karanta lambar tabbatarwa da aka turo ta tes, su shigar da ita da kansu, mai wayar bai ga komai ba. Ka tambayi kanka: me ya haɗa tocila da karanta saƙonnina? Shiga saitin wayar, duba waɗanda ka ba izinin saƙo da kira da karanta sanarwa, ka ƙwace daga duk wadda aikinta bai kai nan ba. Wadda ba ka tuna lokacin da ka sauke ta ba, goge ta. A kula kuma da wayar da ake miƙa wa yara su yi wasa, don su kowane maɓalli mai launi dannawa suke yi.

Buga lambobin da wani ya karanto maka

Wani ya kira ya ce daga kamfanin layi yake, za a gyara maka matsala, ka buga alamar tauraro da wasu lambobi. Umarnin da ya fara da *21* yana karkatar da duk kiran da ke shigo maka zuwa wata lamba, kuma kuɗin karkatarwar a kanka yake. Ta nan ma ake sace lambar tabbatarwa da ake turowa ta kira. A yawancin layuka, buga ##002# yana soke duk wata karkatarwa.

Rashin duba inda kuɗin ya tafi

A ganina wannan ne kuskuren da ya fi daɗewa yana cin mutane, domin ba ya zafi. Ba sa ɗiba da yawa lokaci guda. Kaɗan-kaɗan suke yi, yadda mai kati zai ce ai data ce ta sha, mai biyan wata-wata kuma ba zai tsaya karanta layin da aka rubuta "sauran hidimomi" ba. Kuma kada a ɗauka kamfanin layi zai tsare maka, tunda shi ma yana da kaso a ciki. A 2014 kamfanin layin AT&T ya amince ya biya dala miliyan 105, T-Mobile kuma aƙalla dala miliyan 90, don sasanta ƙarar hukumomin Amurka kan cajin da ake lafta wa mutane ba da izininsu ba, galibi dala 9.99 a wata, na abubuwa irin su saƙon duba da tsegumin taurari.

Ka duba ragowar katinka kafin ka kwanta, ka kashe data, ka sake dubawa da safe. In ya ragu, akwai mai ci. Kira kamfanin layin ka nemi jerin duk hidimomin da ke kan lambarka, da sunan kamfanin da ke bayan kowacce, da ranar da aka ce ka yi rajista. Ka ce a soke su, a kuma rufe cajin kamfanonin waje a kan layin baki ɗaya. Kada ka goge saƙonnin don haushi, su ne shaidarka. Ɗauki hotonsu yadda kwanan wata zai fito. Nemi a mayar maka da kuɗinka, ka karɓi lambar ƙorafi, idan an yi maka shiru ka kai gaban hukumar sadarwa da wannan lambar.

Bayan haka ka sa ran wani kiran. Waɗanda aka taɓa cuta sunayensu kan shiga jerin da ake sayarwa, sai wani ya bugo ya ce shi jami'i ne, an gano kuɗinka, ka kira wata lamba ko ka biya ɗan kuɗin aiki a sako maka su. Mayar da kuɗin gaskiya ta hannun kamfanin layinka ko kamfanin da ya cire yake biyowa, a kan ƙorafin da kai ka shigar, kuma ba a biyan komai kafin a karɓa.