Yadda Ake Hawa Matakan Makarantar Boko a Najeriya: Jagora ga Iyaye da Masu Son Koyarwa

Uban da zai kai ɗansa makaranta a Najeriya yana bukatar ya san cewa hukumomi daban-daban ne ke riƙe da matakan karatu, domin yawancin wahalar da iyaye suke sha tana zuwa ne daga kai kuka inda ba a da ikon share hawaye. Tsarin da ake bi ya samo asali daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977, wadda ta raba karatu gida huɗu: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, sannan aƙalla huɗu a jami'a. Bayan da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kuma kafa masa doka a 2004, sai aka haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama zubi ɗaya na shekara tara, wanda doka ta ce kyauta ne kuma wajibi ne a kan kowane yaro.

Matakin farko shi ne ka nemo wa yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun kafin ya cika shekara shida, wato shekarar shiga aji ɗaya. A nan nake so in daɗe, domin babu abin da iyaye suke wasa da shi kamar rubutun suna, alhali kuwa tun ran gini ake zane. Sai ka tarar hedimasta ya rubuta Muhammad a rajistar firamare, malamin sakandare ya rubuta Mohammed, ma'aikacin da ya yi wa yaro rajistar lambar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma ya ƙara masa sunan gari a ƙarshe, ranar haihuwar ma kowace takarda da tata. Babu wanda zai lura sai ranar da yaron ya zauna gaban kwamfuta zai yi rajistar JAMB, wato jarrabawar neman shiga jami'a, inda za a jawo bayanansa daga lambar NIN, a ga ba su dace da na sakamakon WAEC, jarrabawar kammala sakandare, ba. Na ga ɗalibin da ya yi asarar shekara guda cur yana yawon rantsuwar kotu da ofisoshi saboda harafi biyu. Saboda haka ka rubuta cikakken sunan yaro da ranar haihuwarsa a takarda ɗaya, ka riƙa miƙa ta a duk inda za a yi masa rajista, kuma ka duba abin da aka rubuta da idonka kafin ka bar wurin.

Makarantar firamare ta gwamnati tana ƙarƙashin sashen ilimi na ƙaramar hukuma, wanda sakataren ilimi ke shugabanta, shi kuma yana amsa umarnin hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, da ke Abuja tana ba jihohi tallafin gini da kayan aiki, amma sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin a sakar mata kuɗin. Idan rufin aji ya yaye ko aka rasa malamin lissafi, ka fara da hedimasta da kwamitin gudanar da makaranta na unguwa, idan abin ya gagara ku tafi wurin sakataren ilimi a ƙungiyance, da takarda a rubuce. Shekarar karatu zango uku ce, tana farawa wajen Satumba ta ƙare wajen Yuli, kuma a ƙarshen kowane zango ka karɓi katin sakamako ka adana, domin za a neme shi idan ƙaura ta kama ku zuwa wani gari.

Mai son ɗansa ya shiga ɗaya daga cikin kwalejojin haɗin kai, wato makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, sai ya yi masa rajistar jarrabawar shiga da hukumar NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida. Sauran yara suna wucewa ƙaramar sakandare ta jiha, ta kwana ko ta jeka-ka-dawo.

Ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare shi ne mararrabar da ta fi kowace muhimmanci a ganina, kuma ita ce iyaye suka fi barin yaro ya tsallaka shi kaɗai. Bayan jarrabawar kammala wannan mataki, yaro zai zaɓi ɓangaren kimiyya, ko na fasaha da adabi, ko na kasuwanci, ko kuma ya tafi kwalejin koyon sana'a inda ake rubuta jarrabawar NABTEB, ko makarantar Larabci da addinin Musulunci da ke rubuta ta NBAIS. Yaron da bai ɗauki darasin kimiyyar sinadarai da na halittu a aji ɗaya na babbar sakandare ba, ƙofar aikin likita da na jinya ta rufe masa ke nan, ko da kuwa ya fi kowa ƙwaƙwalwa. Ka zauna da shi da malamin ajinsa, ku duba inda makinsa ya fi ƙarfi cikin shekara ukun da suka wuce. Wasu jihohi suna da makarantun kimiyya na musamman masu jarrabawar shiga tasu, kamar na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a Kano, kuma ya kamata a nemi ranar jarrabawar da wuri.

A aji uku na babbar sakandare ake rubuta WAEC ko NECO. Abin da aka saba nema domin wucewa gaba shi ne kiredit biyar, har da Turanci, da lissafi ga yawancin fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Daga nan sai jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, wadda ke tantance masu neman gurbi a jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi. Tun da a kwamfuta ake yin ta, ka tabbata yaro ya saba da latsa madannai kafin ranar, domin da yawa sanin amsa bai gagare su ba, na'urar ce ta rikita su. Mai digiri ko babbar difloma da bai wuce shekara talatin ba yana yin bautar ƙasa ta shekara ɗaya.

Wanda kuma yake son ya tsaya gaban allo yana da nasa matakan. A da takardar Gireji Tu ce ke sa mutum ya zama malami, amma yanzu mafi ƙarancin shaidar da aka amince da ita ita ce NCE, wadda ake samu bayan shekara uku a kwalejin ilimi, tare da zangon koyarwar gwaji a wata makaranta ƙarƙashin idon masu duba. Mai digiri a fannin da ba na ilimi ba sai ya ƙara da diflomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE. Malamin da ke bakin aiki kuma yake son ƙarin karatu ba tare da ya bar ajinsa ba, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana da cibiyoyin karatu a jihohi. Bayan samun takarda, dole ne mutum ya rubuta jarrabawar hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta ba ikon yi wa malamai rajista, ya karɓi shaida da lasisin da ake sabuntawa. Ina roƙon matasa kada su ɗauki wannan rajista a matsayin abin da za a yi daga baya, domin ana tambayarta a lokacin ɗaukar aiki.

Wurin neman aikin ya danganta da ajin da mutum zai koyar. Mai son firamare yana bi ta ƙaramar hukuma da SUBEB, mai son babbar sakandare yana bi ta hukumar kula da malamai ko makarantun sakandare ta jiharsa, kwalejojin haɗin kai kuwa na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ne. Dokar 2022 ta ɗaga lokacin ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, kuma da ranar haihuwa da ta kama aiki da ke cikin fayil ɗin ma'aikaci ake yin wannan lissafi. Don haka sabon malami ya karɓi takardar ɗaukar aiki, da ta kama aiki, da ta tabbatarwa, ya yi wa kowacce kwafi ya ajiye a gida, domin su za a nema duk lokacin da aka zo tantance ma'aikata ko ƙarin girma.