Darasi na Tara: Agogon Hannu Ya Tsaya, Gyara ko Garanti?

Duk da wayar salula ta shiga aljihun kowa, agogon hannu bai rasa aikinsa ba. Mai gadi da ke jiran canjin aiki, ungozoma da ke ƙirga bugun jini, manomin da ya bar waya a gida saboda babu caji, duk hannu suke dubawa. Yawancinmu kuma agogo mai sauƙin kuɗi muke ɗaurawa, irin su Casio da Q&Q da 'yan uwansu da ke cike a teburan Kasuwar Sabon Gari ta Kano da sauran kasuwanni. Idan irin wannan agogo ya tsaya, mutum kan yi ɗayan biyu: ko ya jefa shi cikin akwati ya manta, ko ya miƙa wa mai gyaran da ya fara gani a bakin titi. Dukansu biyun suna iya jawo asara. Wannan darasi zai nuna abin da za ka fara dubawa kafin kowa ya taɓa murfin bayan agogonka.

Juya agogon ka karanta bayansa

Kowane ɗalibi ya cire agogonsa, ko ya ari na maƙwabcinsa, ya juya shi. Rubutun da ke jikin murfin ƙanana ne, amma suna da amfani. Akwai sunan kamfani, akwai lambar samfurin agogon. Misali, ƙaramin baƙin Casio mai lambobi da kusan kowa ya sani lambarsa F-91W, kuma tun 1989 kamfanin da ke Japan yake ƙera shi. Kwafi lambar naka a littafinka. Ranar da za ka nemi maɗauri ko gilashi, wannan lamba za ta hutar da kai dogon bayani.

Sai rubutun ruwa, wanda ya fi yaudarar mutane. Idan ka ga WATER RESIST kawai, ko 30M, ko 3 BAR, kada ka ɗauka za ka iya nutsewa da agogon mita 30 cikin ruwa. Wannan lamba ta gwajin matsin ruwa ce a masana'anta, agogo yana ajiye ba ya motsi. A aikace, irin wannan agogo yayyafi da fantsamar ruwa kaɗai yake jurewa. Sai wanda aka rubuta wa 100M ko 10 BAR ne ya dace da iyo. Wanda babu rubutun ruwa a jikinsa ko kaɗan, gumi ma yana iya shigarsa.

Wannan ya shafe mu ƙwarai saboda alwala. Sau biyar a yini ruwa yana bi ta wuyan hannu. Cire agogon ya fi, domin ruwa ya game fata, agogon kuma ya tsira. Kada a danna maɓalli ko a ja ɗan kan da ake murzawa wajen saita lokaci alhali agogon yana jiƙe, don ta nan ruwa ke samun hanya. Ruwan zafi da sabulun wanka kuwa suna lalata siririyar robar da ke zagaye da murfin baya, wadda ita ce ke tare ruwa da ƙurar hunturu.

Me ke tsayar da agogo?

Mafi yawan agogunan da muke saya masu batir ne. A cikinsu akwai ɗan mitsitsin dutse da ake kira kwaz, wanda wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa guda. Injin agogon yana ƙirga wannan karkarwa, ya fitar da daƙiƙa ɗaya. Kamfanin Seiko ne ya fara sayar da agogon hannu irin wannan a 1969, da tsada sosai a lokacin. Yau shi ne mafi araha, kuma ya fi agogo marar batir, wanda ake wanawa da hannu, riƙe lokaci daidai.

Saboda haka idan agogo ya tsaya, batir ne abin zargi na farko. Yakan ba da alama kafin ya mutu. A agogo mai lambobi, rubutun yana dusashewa, musamman idan an kunna fitilarsa. A wasu masu hannaye, tsinken daƙiƙa yakan riƙa tsallake biyu-biyu maimakon ɗaya-ɗaya.

Batir ma yana da suna, kuma ya kamata ka iya karanta shi. Da yawan agoguna masu hannaye suna amfani da SR626SW, wanda ake kuma rubuta wa 377. F-91W yana amfani da CR2016, faffaɗa kamar kwabo, kuma kamfanin ya ce yana kai kimanin shekara 7. Akwai wani mai arha da girmansa ɗaya da 377, ana rubuta masa LR626 ko AG4. Zai shiga, agogon zai tashi, amma ba ya daɗewa kuma ya fi saurin yoyo. Ni a ganina ɗan bambancin kuɗin bai kai a yi wa inji kasada ba. Ka nemi mai SR. Kada kuma ka bar mataccen batir a cikin agogo wata da watanni, domin idan ya yi yoyo, ruwansa yana cinye ƙarafan ciki, gyaran batir ya koma gyaran inji.

Gargaɗi ga iyaye: waɗannan ƙananan batura haɗari ne ga yara. Idan yaro ya haɗiye, musamman faffaɗan, yana iya maƙalewa ya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu kacal. A garzaya asibiti nan take, kada a tsaya sa shi amai. Tsohon batir kada a bar shi a kan tabarma ko taga.

Garanti

Yanzu mun zo kan abin da ya fi muhimmanci. Garanti alkawari ne da kamfani ko mai shago ya ɗauka cewa idan kaya ya lalace cikin wani lokaci saboda aibin da ya fito da shi daga masana'anta, za a gyara ko a canza ba tare da ka biya ba. Ga agoguna masu sauƙin kuɗi yawanci shekara 1 ne, wasu wurare shekara 2. Katin da ke cikin kwalin shi ke faɗin tsawonsa, kuma ana fara lissafi daga ranar da ka saya.

Ka lura da kalmar aibin masana'anta. Agogon da ya tsaya haka kawai bayan wata biyu, ko yake gudu ko jinkiri sosai, ko maɓallinsa ya ƙi aiki tun yana sabo, ko wani ɓangaren lambobinsa ya ɓace, wannan yana cikin alkawari. Amma gilashin da ya fashe don agogon ya faɗi, maɗaurin da ya tsinke, jikin da ya goge, batir da ya ƙare, galibin katunan garanti sun fitar da su ƙarara. Haka ruwan da ya shiga saboda an yi wanka da agogon da yayyafi kawai yake jurewa. Mutane da yawa suna fushi da mai shago a kan waɗannan, alhali da an karanta musu katin tun ranar ciniki da ba a kai ga gardama ba.

Sharaɗin da ya fi cin mutane shi ne na buɗewa. Kusan kowane kati yana cewa idan wani wanda kamfani bai amince da shi ba ya buɗe agogon ko ya gyara shi, garanti ya faɗi. Murfin da aka ɓanɓare da wuƙa yana barin tabo, mai shago kuma zai gani. Don haka idan agogo ya tsaya, rasit za ka fara nema, ba mai gyara ba. Duba kwanan wata. Idan lokacin bai cika ba, mayar da shi inda ka saya, da kwalinsa da katinsa, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Idan ya cika, to sai mai gyara.

Garanti ba ya aiki sai da shaida. Ranar saye ka tabbata an rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata, lambar samfurin agogo da kuɗin da ka biya. A cika katin garanti, a buga masa hatimi. Katin da babu kwanan wata da hatimi takarda ce kawai. Rasit ɗin da inji ke fitarwa rubutunsa yana gogewa idan ya sha zafi, don haka ka ɗauki hotonsa da waya ko ka yi masa kwafi. Wanda bai gama iya karatu ba kada ya ji kunya ya ce, "Alhaji, karanta mini abin da ka rubuta, kuma ka nuna mini inda kwanan wata yake." Kuɗinka ne.

Agogon jabu fa? Kamfanin da aka saci sunansa ba zai karɓe shi ba, domin ba shi ya ƙera ba. Agogon da aka kawo tsaraba daga Saudiyya ko Dubai ma, ko da na asali ne, sai an duba katinsa, don wani garantin a ƙasar da aka saya kaɗai yake aiki. Akwai gwajin da ake yi wa F-91W: ka danne maɓallin dama na 'yan daƙiƙu, na asali zai rubuta sunan kamfanin a fuskarsa. Gwajin yana taimakawa, sai dai wasu masu jabun sun kwaikwaye shi, saboda haka farashin da ya yi arha fiye da kima shi ne babbar alama.

Idan babu kati kwata-kwata, kamar yadda yake a yawancin cinikin kan tebur, ba a bar mai saye haka nan ba. A Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibi cikin wata 3 da karɓarsa, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun da wasu ke yi a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa bai soke wannan haƙƙi ba idan kayan mai aibi ne. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da yin bayanin zaɓin mayar da kaya saboda aibin da mai saye bai sani ba lokacin ciniki. Amma ka fara da lalama. Je wurin mai shago da rasit, ka yi magana cikin mutunci. Idan ya ƙi, shugabannin kasuwa suna sasanta irin wannan. Kai ƙara hukuma shi ne mataki na ƙarshe, kuma ko can rasit za a fara tambayarka.

A teburin mai gyara

A ce garanti ya ƙare. Ga yadda wata baiwar Allah ta yi da nata agogon. Ɗalibai biyu su karanta, ɗaya ya zama mai gyara.

"Salamu alaikum, Malam, barka da aiki. Agogona ne ya tsaya tun shekaranjiya."

"Wa alaikumus salam, Hajiya. Kawo mu gani. Ya faɗi ko ya sha ruwa?"

"Bai faɗi ba. Amma kafin ka buɗe, nawa ne kuɗin dubawa?"

"Dubawa kyauta ne. Idan batir ne zan faɗa miki kuɗinsa."

"To ka buɗe a gabana. Idan batir ne, mai SR nake so, kuma ka nuna mini lambarsa a jikin takardarsa."

"Hajiya kin san kan abin. Ga shi, batir ne. Robar murfin ma ta bushe, gara a canza ta."

"Canza ta. Idan ya sake tsayawa fa?"

"Ki dawo da shi cikin wata ɗaya, ba za ki biya komai ba."

"Rubuta mini haka a takarda, da kwanan watan yau."

Ka ga ta yi ciniki kafin a buɗe, ta tsaya aka yi aikin a gabanta, ta kuma karɓi alkawarin gyara a rubuce. Mai gyaran kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Za ka gane shi da kayan aikinsa: yana da abin buɗe murfi na musamman, yana ɗaukar batir da ɗan hantsaki maimakon yatsu masu gumi, yana mayar da robar murfi mazauninta kafin ya rufe. Idan agogo mai lambobi ya ƙi tashi bayan an sa sabon batir, kada a yi saurin cewa ya mutu. Da yawansu suna da ɗan wuri a ciki da aka rubuta wa AC, wanda ake taɓawa da hantsaki a haɗa shi da bayan batir domin injin ya farfaɗo. Gwanin gyara ya san wannan.

Idan ka ga raɓa a cikin gilashi, kada ka jira, kuma kada ka shanya agogon a rana ko kusa da murhu. Kai shi a buɗe a busar da shi a ranar, kafin tsatsa ta kama.

Wani lokaci injin ne ya mutu. A agoguna masu hannaye ba a cika gyara shi ba, sabo ake sawa gaba ɗaya, kuma injinan Japan irin Miyota 2035 suna shiga agoguna masu yawa. A nan sai ka yi lissafi. Shawarata ita ce idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabon agogo irinsa, sayen sabo mai rasit da garanti ya fi. Sai fa idan agogon na mahaifi ne ko kyautar wani da kake ji da shi, wannan kai ka san darajarsa.

Aikin aji

1. An sayi agogo ranar 14 ga Maris 2025 da garantin shekara 1. Ya tsaya ranar 2 ga Janairu 2026 ba tare da ya faɗi ko ya sha ruwa ba. Ina za a kai shi, kuma da waɗanne takardu?

2. A ce sabon agogo naira 12,000 ne. Mai gyara ya nemi 5,500 kuɗin inji, 1,000 kuɗin batir, 500 kuɗin roba. Nawa ne jimilla? Ta haura rabin kuɗin sabo ko ba ta kai ba?

3. Yaro ya yar da agogo gilashin ya fashe, saura wata 4 garanti ya ƙare. Wa zai biya kuɗin gilashi? Faɗi dalilinka.

4. Rubuta rasit da hannunka kamar kai ne mai shago. Sa sunan shago, kwanan wata, lambar samfurin agogo, kuɗi da tsawon garanti. Ba maƙwabcinka ya karanta da ƙarfi, ya faɗi abin da ka bari idan akwai.

A gida, nemo rasit ɗin wani kaya da aka saya kwanan nan, ko fitila ko rediyo ko waya, ka zo da shi aji mai zuwa domin mu karanta shi tare.