Sabon zuwa Ann Arbor: Asabar ɗin ƙwallo da takardar haya

Duk wanda ya sauka Ann Arbor a ƙarshen Agusta don karatu a Jami'ar Michigan, ya sauka ne a bakin kakar ƙwallon Amurka, ko yana son wasan ko ba ya so. Mutanen garin dubu 120 ne da 'yan kai, amma filin wasan jami'ar yana cin mutum 107,601. A kakar 2023 ƙungiyar jami'ar ta buga wasa 15 ta cinye duka, lokacin Jim Harbaugh ne kocinta. Ta doke Ohio State 30 da 24 ranar 25 ga Nuwamba, ta fitar da Alabama, sannan ta lallasa Washington 34 da 13 ranar 8 ga Janairun 2024 ta ɗauki kofin ƙasa na jami'o'i. Bakwai cikin wasannin nan a gida aka yi su, kuma kowace Asabar ɗin wasa gari kan cika ya batse, tun da hantsi titin Main da Stadium Boulevard sun cushe.

Katin ɗalibi da asusun banki da layin waya ba su da wuya, da katin ma za ka hau bas ɗin gari kyauta. Masallaci na kan titin Plymouth, kuma 'yan uwa ba sa ƙyashin nuna wa baƙo hanya. Abin takaici, sai bayan ya sa hannu a takardar haya yake zuwa tambaya.

Ɗan uwa, gidan da ke kusa da filin wasa a karanta takardarsa layi-layi. Wasu masu gida sukan rubuta cewa wurin fakin nasu ne ranar wasa, domin suna sayar wa 'yan kallo shi. Ka kwana da motarka a ƙofar gida, da safe a ce ka janye ta, gefen titi kuma an kafa alamar hana fakin, motar janwe na zagayawa. Hayar galibi ta shekara guda ce cur, ba ruwanta da hutun jami'a. Idan ku huɗu kuka sa hannu a takarda ɗaya, yawanci kowannenku na ɗauke da nauyin kuɗin duka, wato in ɗaya ya gudu kai za a bi.

Kuɗin ajiya kuwa, wato wanda mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, dokar jihar Michigan ta hana ya wuce hayar wata ɗaya da rabi. Ranar shiga za a ba ka takardar lissafin halin da gidan yake, kana da kwana 7 ka cike ka mayar. A nan mutanenmu ke sakaci, suna ganin rashin kunya ne su lissafa wa mai gida aibun gidansa. Rubuta komai: tabon kafet, ƙusar da ke bango, tagar da ba ta rufuwa, ka ɗauki hoto. Abin da ba ka rubuta ba a kanka zai faɗa. In ka tashi, ka ba shi sabon adireshinka a rubuce cikin kwana 4. Shi yana da kwana 30 ya aiko jerin abin da ya cire, kai kuma kwana 7 ka amsa in ba ka yarda ba.

Za ka ga maƙwabta tsaye da kwali suna sayar da fakin a farfajiya, kuɗi na shigowa. Mai bizar ɗalibi ta F-1 kada ya yi sha'awa. Aikin da aka yarje masa na cikin jami'a ne, awa 20 a mako lokacin karatu, duk wani neman kuɗi a waje sai ya tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙetare tukuna. Canjin adireshi ma a sanar cikin kwana 10.

Cefane a gama shi ranar Juma'a. In za ka shiga kallo, ka bar jaka a gida, ba a shiga filin da ita.