Masu talla a status, ku duba wannan

'Yan uwa masu saida kaya, duk wanda ya sayi abu a wajenku ku yi sebin ɗin lambarsa nan take, shi ma ku ce ya yi naku.

Dalili kuwa, status ɗin WhatsApp ba ya bayyana sai kowa na da lambar kowa. Ni na daɗe ina ɗora atamfofi ina ta jiran ciniki ashe rabin kwastomomina ba sa ma gani, data kawai nake ƙonawa.

Sannan ku rubuta farashi a jikin hoton, ku huta da "nawa ne?"

Amma fa idan kuka jera hoto talatin a rana miyutin ɗinku za su yi, wato su ɓoye status ɗinku su daina kallo. Kuma bayan awa 24 ya ɓace, sai an sake ɗorawa.