Babi na Bakwai: Saye da haya ba ɗaya ba ne, darasi daga tsibiran Fiji

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ƙasar Fiji, wadda take cikin Tekun Pasifik gabas da Ostareliya, tarin tsibirai ce fiye da 300, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku nasu ne kaɗai suke da mazauna. Attajiran Amurka da Turai suna kwaɗayin waɗannan wurare, sai a ji a labarai cewa wane ya sayi tsibiri sukutum. Kafin mai karatu ya gaskata, ya kamata ya tambaya: saye ne ko haya?

Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar Fiji mallakar 'yan asalin wurin ne, waɗanda ake kira iTaukei. Ba mutum ɗaya ne yake riƙe da ita ba, ta zuriya ce, kuma sunan zuriyar a harshensu mataqali. Wanda ya san gonar gandu, wadda babu ɗan da zai sayar da ita shi kaɗai, ya fahimci rabin zancen. Sauran rabin shi ne doka ta hana a sayar wa baƙo wannan ƙasa ko da dangin duka sun yarda. Abin da baƙo zai samu haya ce, wadda ba ta wuce shekara 99, kuma ta hannun hukumar amanar filaye da aka kafa a 1940 ake ƙulla ta. Hukumar ce take karɓar kuɗin hayar ta miƙa wa masu ƙasa, idan wa'adi ya cika kuma ba a sabunta ba, fili ya koma hannun zuriyar.

To, daga ina tsibiran sayarwa suka fito? A 1874 sarakunan Fiji suka sa hannu a takardar miƙa mulki ga Ingila, sannan Gwamna Arthur Gordon ya hana ci gaba da sayar da ƙasar gargajiya. Amma kafin nan Turawa 'yan kasuwa da masu gonakin auduga sun riga sun karɓi filaye daga wasu sarakuna, sau da yawa da bindigogi ko kayan da ba su taka kara sun karya ba. An kafa kwamiti ya binciki waɗannan cinikayya, wadda ya amince da ita ta zama mallaka ta dindindin. Irin wannan ƙasa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma ita ce take yawo a hannun masu kuɗi har yau.

Tsibirin Laucala yana cikinta. Ba'amurke Malcolm Forbes ya saye shi a 1972, daga baya a 2003 ya koma hannun Dietrich Mateschitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Red Bull. Tsibirin Mago kuwa, ɗan wasan fim Mel Gibson ne ya saye shi a 2005 daga wani kamfanin Japan a kan kimanin dala miliyan 15. Jikokin mutanen Mago na asali sun tashi suka ce korar kakanninsu aka yi a ƙarni na 19. Takarda tana hannun mai saye, doka tana bayansa, amma a ganina kukansu ba abin rainawa ba ne, domin wanda aka raba da ƙasar da aka binne kakanninsa bai daina jin ciwon ba don shekaru sun shuɗe.

Akwai kuma iyaka ko ga wanda ya saya. Mallakarsa ba ta shiga cikin teku ba, domin haƙƙin kamun kifi na gargajiya, wanda suke kira qoliqoli, yana nan a hannun 'yan asalin wurin.

Aiki: a samo kwafin takardar fili ko ta shago, a karanta ta da ƙarfi a aji. Kowane ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta nuna saye ne ko haya, ya rubuta yawan shekarun da aka ambata da lambobi, sannan ya faɗi sunan wanda filin zai koma wa idan wa'adin ya ƙare.