Kwamfuta ta yi nauyi bayan sabunta direba: kurakuran da na gaji da gani

Koken kusan iri ɗaya ne kullum. Jiya kwamfuta lafiya lau, da dare Windows ta sauke sabbin direbobi (wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da na'urorin cikin kwamfuta), da safe aka kunna sai ga ta tana jan ƙafa, fanka na ihu, burauza ma sai an jira kafin ta buɗe. Gyaran wannan bai cika wuya ba. Abin da mutane ke yi a sa'ar farko ne yake ɓata lamarin.

Wasu ko numfashi ba sa bari ta yi. Bayan sabuntawa Windows tana da sauran aiki a bayan fage, kuma za ka ga wani abu mai suna Windows Modules Installer Worker yana cin firosesa (CPU, ƙwaƙwalwar kwamfuta) na ɗan lokaci. Ka jona caja, ka bar ta ta gama, sannan ka danna Restart. Shut down ba ya wadatarwa, domin idan Fast Startup, tsarin da ke sa Windows ta kunnu da sauri, na kunne, kwamfutar tana adana yanayin direbobin ne ta dawo da su yadda suke.

Kuskuren da ya fi ɓata min rai shi ne fomat. Da zarar kwamfuta ta yi nauyi sai wani ya ce a goge komai a sa sabuwar Windows, kamar babu wani magani a duniya. Wannan shawarar ta taɓa cinye min rubuce-rubuce da hotunan da ba su da kwafi a ko'ina, kuma abin da ya fi ƙona min zuciya shi ne, sabuwar Windows ɗin tana hawa intanet ta sake sauko da direban nan da ya jawo matsalar. An gudu ba a tsira ba. Ka yi tunani mana: fayilolinka ba su canja ba, manhajojinka ba su canja ba, abu ɗaya ne ya shigo daren jiya. Me zai sa ka rushe komai ka bar shi? Ka neme shi. Shiga Settings, sai Windows Update, sai Update history, ka buɗe sashen Driver Updates. A nan za ka ga sunan abin da ya shiga da ranar da ya shiga. Daga nan ka buɗe Device Manager, ka nemo na'urar, ka shiga Properties, a shafin Driver akwai maɓallin Roll Back Driver, wanda yake dawo da tsohon direba. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon ba ke nan. To sai ka cire na yanzu da Uninstall device, ka sa alama a akwatin da ke cewa a cire direban gaba ɗaya, ka ɗauko na kamfanin da ya ƙera kwamfutarka daga shafinsu, daidai da lambar samfurinta. System Restore, mai mayar da Windows yadda take a wata rana ta baya, shi ma yana aiki idan akwai wurin komawa da aka ajiye kafin ranar, kuma ba ya taɓa takardunka da hotunanka.

Masu yin wannan daidai kuma sai su manta da rufe ƙofa, washegari direban ya dawo. Ni ina dakatar da sabuntawa da Pause updates kafin in mayar da tsohon. A Windows Pro akwai ƙa'idar Do not include drivers with Windows Updates cikin Group Policy, wurin saita ƙa'idojin Windows, kuma ita nake kunnawa a kwamfutar da nake aiki da ita. Wasu masu gyara ba su yarda da ni a kan wannan ba, suna cewa ana rasa gyare-gyaren tsaro na direbobi. Da gaskiyarsu, shi ya sa nake leƙa shafin kamfani da kaina lokaci zuwa lokaci.

Sai kuma gyara ba tare da dubawa ba. Mutum zai ce maka firosesa ta rage gudu, ka tambaye shi nawa take gudu, ya yi shiru. Danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka zaɓi CPU. Lambobi biyu za ka kalla, Utilization da Speed, sannan Base speed a gefe. Idan ka buɗe aiki mai nauyi amma Speed ta kafe a 0.79 GHz ko 0.39 GHz ba ta motsi, alhali Base speed ta haura 2 GHz, to an daƙile firosesar ne, ba aiki ne ya yi mata yawa ba. A laftof mai Intel, abin da nake fara zargi shi ne direban da ke kula da zafi da wuta, wanda ake kira Dynamic Platform and Thermal Framework, a sabbin kwamfutoci kuma Dynamic Tuning. Ka kuma duba Maximum processor state cikin Power Options, ya kasance 100 a batiri da a caja. Idan kuwa Speed lafiya take amma System interrupts ne ke saman jeri a shafin Processes na Task Manager yana cin kaso mai tsoka, wani direba ne ke damun firosesa da kira ba ƙaƙƙautawa, yawanci na Wi-Fi, na sauti ko na katin hoto. Kashe su ɗaya bayan ɗaya a Device Manager kana kallon lambar, ko ka sa manhajar LatencyMon ta faɗa maka sunan fayil ɗin.

Yanzu ga masu sauke manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya. Don Allah ku daina. Direba ɗaya ya lalace, ka je ka canja ashirin a lokaci guda, ta yaya za ka gane mai laifi? Ga shi Roll Back mataki ɗaya kawai yake komawa baya, don haka tsohon direban mai kyau da kake nema ka binne shi da hannunka. An taɓa kawo min laftof bayan irin wannan aikin: sauti ya ɗauke, madannin ƙara haske sun daina aiki, nauyin kuma yana nan. Mai ita yana ta rantsuwa bai taɓa komai ba, ga manhajar a kusurwar allo tana neman ya sake sabunta wasu. Abu ɗaya nake canjawa, in yi Restart, in duba Speed, in rubuta a takarda, sannan in matsa gaba.

Wani lokacin laifin ba daga wurinka yake ba sam. Da Windows 11 ta fito a Oktoban 2021, firosesocin AMD Ryzen sun rage gudu, har AMD da Microsoft suka amince da matsalar. Cikin watan Microsoft ta fitar da gyaran KB5006746, AMD kuma ta fitar da sabon direban chipset. Saboda haka ka bincika sunan firosesarka tare da lambar sabuntawar kafin ka fara kwance-kwance.

Sauran a gurguje. Ba a gwada Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da direbobin dole kaɗai, alhali riƙe Shift da danna Restart ne hanyarsa, kuma idan nauyin ya tafi a can, direba ko manhaja ne. Ana ɗora wa direba laifin ƙura: firosesar da zafinta ya kusa digiri 100 da kanta take rage gudu. Cajar da ba ta kai ƙarfin ta asali ba tana sa wasu laftof su daƙile firosesa. Ƙara RAM ba ya gyara Speed da ta kafe. BIOS kuwa, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, kada ka sabunta shi don gwaji, sai idan bayanin kamfanin ya ambaci matsalarka, kuma batiri cike, caja a jone.